Daga Furana Zuwa Kudan: Ado A Sama, Ƙasa Ta Yara Ce

Duk wanda ya bi hanyoyin arewacin ƙasar Zazzau bayan an kawar da amfanin gona, tun daga Ikara zuwa Maƙarfi har ya dangana da Kudan, zai lura da kaya iri biyu da motoci ke dako. Masu fita suna ɗauke da rake da masara da barkono da kwandunan tumatir, sun nufi Kano ko Zariya ko kudancin ƙasar nan. Masu shigowa kuwa an labta musu gadaje da katifu da kujerun kushin, ga madubi an naɗe da bargo, wani saurayi ya rungume shi a bayan akori-kura kamar jariri. Da kaka ne kuɗi ke shiga hannun manomi, saboda haka lokacin ne na aure da jere, lokacin ne kuma ake yi wa tsohon gida sabon fenti.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan tafiya shi ne makomar waɗannan kaya bayan an sauke su. Ana ƙawata ɗakin amarya ne domin mutum biyu da baƙinsu, alhali kuwa in Allah Ya nufa kafin shekara biyu na uku zai iso, wanda tafiyarsa rarrafe ce, duk abin da ya tsinta baki zai kai, duk abin da ya fi shi tsawo sai ya gwada hawa. Ba a yi shawara da shi ranar jere ba, amma shi ne zai fi kowa wuni a ɗakin. To, ta yaya gida zai yi kyan gani, kuma ya karɓi wannan baƙo ba tare da an wuni ana daka masa tsawa ba? Amsar da na samu ba a kantin kayan alatu take ba. A wani tsohon gidan ƙasa na fara ganin ta.

Gidan yana Furana, a ƙasar Ikara, kuma irin gidajen nan ne da mai karatu ya sani: zaure a bakin hanya, sai wani ɗan fili, sai shigifa, sannan a faɗa tsakar gida inda ɗakunan mata suka yi da'ira. A ɗakin uwargida, wata dattijuwa da jikoki ke kira Inna, ƙasan daɓe ne na asali, wanda mata suka taru suka buga da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa, har ya yi duhu ya yi ƙarfi. Ba ya santsi ko an zubar da ruwa, ba ya ɗaukar sanyi da hunturu, kuma in yaro ya faɗi a kansa kuka ɗaya zai yi ya miƙe. A kan daɓen ba komai sai tabarma da buzu da kujerar tsuguno. Randa na can lungu an kife ta da faifai.

Sai mutum ya ɗaga kai sannan zai ga dukiyar ɗakin. Kwalla da langa da samira an jera su bisa kanta, ɗaya kan ɗaya, tun daga daidai kafaɗar babban mutum har kusa da azara. Faya-fayai masu launin ja da kore da ɗorawa an kafe su a bango. Ƙwaryar fura tana reto a cikin ragaya, inda kyanwa ba ta kaiwa, balle hannun yaro. Yaran gidan suna shiga suna fita, wani ya kwanta, wata ta baje 'yan tsanarta na kara, ba wanda ya ce musu kanzil. Da na tambayi Inna ko ba ta tsoron su yi mata ɓarna, sai ta nuna mini ƙasa da hannu, ta ce ai duk abin da ke nan nasu ne, nata yana sama.

Wannan magana ita ce tsarin adon gidan Bahaushe gaba ɗaya, ba a ɗakin mata kaɗai ba. Magina sun fi zuba gwanintarsu a inda ido ke kaiwa amma hannu ba ya kaiwa: zankwaye a kan soro, dagi da sauran zane a goshin zaure, baka da ɗaurin guga a rufin ciki, har akan manna tasa ko faranti a tsakiyar rufin domin ya riƙa ƙyalli. Ƙasar Zazzau ta yi suna a wannan fage. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, a rufinsa ne abin mamakin yake, ƙasansa kuwa fili ne na sahu. Abin da aka yi wa masallaci da fada shi talaka ya kwaikwaya daidai ƙarfinsa, ya ɗaga ado sama, ya bar ƙasa ga masu zama a kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa tsohon gida ba shi da aibi. Tagoginsa ƙanana ne, ɗaki na da duhu, hayaƙin murhu na cika ƙirjin mai goyo da abin goyonta. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, in aka yi sakaci damina ta rusa shi a kan masu barci. Rijiyar tsakar gida sau da yawa a buɗe take, wutar girki kuma a ƙasa take daidai tsayin mai rarrafe. Waɗannan duka abubuwan gyara ne, kuma ba wanda zai zargi magidanci don ya nemi bulo da kwano da taga mai faɗi. Abin da nake jin tsoro shi ne a garin gudun aibin tsohon gida a yar da hikimarsa.

Daga Furana na shigo cikin garin Ikara, garin da tumatir ya fitar da sunansa har aka kafa masa masana'antar sarrafa shi a farkon shekarun 1980. A nan na tsaya rumfunan kafintoci, domin su ne ke yanke wa ɗakin amarya kamanninsa tun kafin a ɗaura aure. Samfurin da ake yayi ana kawo shi ne a hoton waya, daga Kano ko Kaduna ko ma Turkiyya da Dubai: gado mai katon allo, sif mai ƙofa huɗu ko shida, madubi mai durowa, shogilas, da teburin tsakiya na gilashi. Yawancinsu da katakon nan na zamani ake yin su, wanda garin itace ne aka matse da gam aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Yana da kyau ranar jere, amma yana da nauyi, ba ya riƙe ƙusa sosai, kuma in ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya fara zuba. Gidan da ke da yara kuwa ba ya rabuwa da ruwa a ƙasa.

In aka bi tarihin jere za a ga wata hanya da ya biyo. Kakanninmu da ƙorai da faya-fayai suka yi jere. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, irin waɗanda maƙeran Bida suka shahara da su. Sai kwanukan sha da kwalla da langa masu fenti, waɗanda aka fara kawowa daga ƙetare kafin masana'antun Kano su riƙa ƙera su. Yanzu kuma zamanin tangaran ne da gilashi. A kowane mataki kayan suna ƙara tsada, suna ƙara saurin fashewa, kuma suna ƙara saukowa ƙasa. Ƙwarya in ta faɗo a ɗinke ta, langa in ta faɗo ta lotsa kawai, amma shogilas yana tsaye ne tun daga ƙasa, ƙofarsa gilashi, cikinsa tangaran, kuma daidai fuskar ɗan shekara biyu. Adon ya baro sama ya zo ya zauna a filin yaro, shi ke nan sai rigima ta tashi tsakaninsa da uwarsa, kuma kullum shi ne mai laifi.

Hatsarin dogon kaya mai siririn gindi bai tsaya kan fashewar kwano ba. Yaro yakan jawo durowa ya mai da ita tsani, nauyin ya rinjayo gaba, kayan su kife a kansa. A 2016 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya janye durowoyi miliyan 29 da ya sayar a Amurka bayan sun faɗo wa wasu ƙananan yara sun mutu, kuma a ƙarshen 2022 Amurka ta kafa doka a kan ingancin irin waɗannan kaya. Maganin abin bai kai kuɗin buhun siminti ba: ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da kusoshi biyu ko uku, a ɗaure bayan sif ko shogilas da bango. Kowane kafinta a Ikara zai iya yin haka cikin minti goma ranar da ya zo haɗa kaya, in masu kayan sun nema. Haka ma talabijin, wurinta jikin bango ne, wayoyinta a ɓoye.

Daga Ikara hanya ta kai ni Maƙarfi, ƙasar rake da mazarƙwaila. A sababbin unguwannin bayan gari gidajen bulo ne ke tashi, masu dogayen katangu da ƙofar ƙarfe, kuma a cikinsu ne na ga inda sabon yayi ya kai mu. Falo shi ne ɗaki mafi girma a gidan, shi ya ci kuɗi fiye da kowane, an shimfiɗa masa tayil mai sheƙi kamar madubi, an zuba fararen kujeru, an saki labule har ƙasa. Amma a kulle yake. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanen uwargida, ba a buɗewa sai baƙo ya zo ko ranar sallah. Yara suna can tsakar gida da aka malale da siminti, ba itace ba inuwa, ko kuma sun fice titi. Wasu gidajen ma ledar da aka sayo kujerun da ita ba a cire ba, shekara ta zagayo.

Hasarar da ke cikin wannan ta wuce ta fili. A gaban manya yaro ke koyon gaisuwa da zama da sauraro, da yadda ake miƙa wa baƙo ruwa, da yadda ake ɗaukar abu mai daraja a mayar da shi wurinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka saba korar sa daga mafi kyawun ɗakin gidansu zai tashi da fahimtar cewa kujera ta fi shi daraja, kuma ranar da ya samu shiga zai yi abin da ɗan akuya ke yi in an kwance shi. Zauren da aka yi watsi da shi a sabon gini ya ɗauke wa tsohon gida wannan nauyi: baƙon maigida a nan yake tsayawa, cikin gida kuma ya zama na iyali. Da falo ya haɗa aikin zaure da na ɗakin zama, sai baƙo ya ci riba, ɗan gida ya yi asara.

A Maƙarfin dai na shiga gidan wani malamin makaranta da matarsa, masu yara biyar, inda na ga an sasanta tsakanin zamani da yara ba tare da an kashe kuɗin a zo a gani ba. Tayil ɗinsu mai kaushi ne, launin ƙasa, wanda ba ya zamar da ƙafa in ya jiƙe, ba ya kuma tona asirin ƙurar hunturu. Bangon falo an raba shi biyu: daga ƙasa zuwa daidai ƙugun babban mutum fentin mai ne mai duhu da ake gogewa da tsumma, daga nan zuwa sama kuma farin fentin ruwa. Kujeru uku ne kacal, na katakon gaske, an yi musu riga da atamfa mai kauri wadda ake cirewa a wanke. A madadin teburin gilashi an ajiye tumtum na fata guda huɗu, aikin dukawa, a kan darduma. Tangaran ɗin matar suna nan, ba ta rabu da ko ɗaya ba, sai dai an kafa musu kanta a sama, a ƙarƙashinsu kuma faya-fayai shida da ta gada daga mahaifiyarta. A wani lungu an shafa wa bango baƙin fenti ya zama allo, ga alli a gwangwani, ga adudu na kayan wasa. Maigidan ya ce tun da aka ba yaran bangonsu suka ƙyale sauran.

Na zauna a falon nan fiye da awa guda, kuma ban ji an ce wa yaro "bari" ba sai sau ɗaya. Kyansa kuwa ya fi na falukan da ke kulle, domin launukansa sun dace da juna, kayansa ba su cushe ba, iska na ratsawa. Masu ilimin renon yara a Turai sun daɗe da isa wannan matsaya. Likitar nan 'yar Italiya, Mariya Montesori, da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, abin da ta fara yi shi ne sauko da kujeru da tebura da kantoci daidai tsayin yaro, domin ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa. Yau ana sayar mana da wannan tunani da tsada a makarantun kuɗi, alhali kujerar tsuguno da tabarma da adudu sun riga shi zuwa gidajenmu.

Maƙarfi gari ne da ya daɗe yana horar da ma'aikatan lafiya a kwalejin da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitin karkara ya san irin raunin da ake kawo yara da shi daga cikin gida: ƙunar ruwan zafi, shan kalanzir da aka zuba a gorar lemo, yankan gilashi, taɓa wayar lantarki. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, in ji masu iya magana, amma aikin babba ne ya hana a kai ga takawar. Ƙyaure mai rabin tsawo a ƙofar kicin, wanda uwa ke hango ɗanta ta samansa, da soket da aka ɗaga sama ko aka toshe, da murfin ƙarfe mai kwaɗo a bakin rijiya, da janareta da aka yi wa ɗaki nesa da tagar barci, duk suna cikin tsarin gida kamar yadda labule yake. Ba sa rage wa gida kyau ko kaɗan in an sa su cikin lissafi tun ranar da aka fitar da harsashi.

Zango na ƙarshe shi ne ƙasar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunƙuyi, arewa da Zariya. Nan ma rake ne da tumatir da noman rani, sai kuma inabi da ya fara fitar da sunan yankin a 'yan shekarun nan. A gidan manomi akwai wani baƙon da ba a lissafa shi cikin kayan ɗaki, amma yana kwana a ɗaki: maganin feshi da taki da fiya-fiya. Na ga jarkar maganin ciyawa a ƙarƙashin gado mai tsada, na ga injin feshi a jingine da randa. Darasin Zamfara bai kamata ya gushe mana ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma, kuma sanadin shi ne ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasan da yara ke rarrafe. Duk sana'ar da ke da guba, in ta shigo tsakar gida, ƙaramin cikin gidan take fara kamawa. Ɗan ɗaki mai kwaɗo a wajen zaure ya isa ya raba su. Fenti ma a tambayi mai kanti wanda ba a haɗa shi da dalma ba, domin in ya tsufa ya fara ɓarewa, bakin yaro yake ƙarewa.

A Kudan ɗin kuma na ga adon da ya fi burge ni a duk tafiyar, kuma ba a kanti aka sayo shi ba. Wani magidanci ya kafa rumfa a tsakar gidansa ya ɗora mata inabi, ganyen ya rufe sama, 'ya'yan suna reto. A ƙarƙashinta ya bar wani yanki bai malale da siminti ba, ya zuba yashi mai laushi. A gefe ga lalle, ga zogale, ga lemun tsami. Da azahar, lokacin da kwanon rufi ya mai da ɗakuna tanda, duk gidan a nan suke taruwa, mata na tsinkar zogale, yara na gina gidajensu a yashi. Ko a nan ƙa'idar ba ta sauya ba: abin sha'awa yana sama, ƙasa kuma an bar wa masu ita.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ba ya rabuwa da batun jere. Mun san iyayen da suka sayar da gona ko shanun huɗa, ko suka ci bashin da za su shekara uku suna biya, domin kada a raina 'yarsu ranar da dangin miji suka zo ganin ɗaki. Kayan da aka sayo da irin wannan wahala dole a yi gadinsu, kuma wanda ake gadinsu daga gare shi jikan mai sayen ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Gado mai ƙwari, katifa mai kyau, gidan sauro, kujeru kaɗan na katakon da zai shekara ashirin, da darduma mai wankuwa sun fi amfani ga sabon gida a kan saiti bakwai da za su kumbura a damina ta biyu. Abin da ya rage na kuɗin, in an saya wa yarinya tunkiya ko keken ɗinki, shi ma kayan ɗaki ne.

Kirana ga gwaggonni da innoni da yayyen amarya, waɗanda su ne ke da wuƙa da nama ranar jere, shi ne su ƙara abu guda a cikin al'adar. In an gama kafa gado an rataya labule, kafin a kunna turaren wuta a kira mutane, ɗaya daga cikinsu ta durƙusa a tsakiyar ɗakin ta duba shi daga tsayin mai rarrafe. Duk abin da ta gani mai kaifi, ko mai fashewa, ko mai iya kifowa, ko mai shiga baki, a ɗaga shi sama ko a ɗaure shi da bango. Kafintoci da magina su ma su riƙa ba da wannan shawara ko ba a tambaye su ba, domin su suka san inda kayansu ke da rauni. Addu'ar da ake yi wa amarya ita ce Allah Ya kawo ƙazantar ɗaki, kuma kowa ya san abin da ake nufi da ita. Tun da mun roƙa, ya kamata mu shirya wa abin da muka roƙa wurin zama. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa gidajenmu su zama wurin natsuwa ga babba da yaro.